Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Tsangayoyin Ilimi Na Jami'o'in Arewa Kan Horar Da Malaman Fasaha Na Ƙananan Sakandare

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, malamanmu kuma iyayenmu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya tare da iyalanku da ɗalibanku. Ni malami ne a wata ƙaramar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, kuma ɗaya daga cikin tsangayoyinku ce ta yaye ni shekara 17 da suka wuce. Saboda haka maganar da zan yi magana ce ta ɗa a gaban iyayensa. Na kawo ta fili ne don ta shafi dubban malamai irina da yaran da aka damƙa mana amana.

Nazarin zamantakewa na karanta tare da koyarwa. Ina cikin shekarata ta uku da kama aiki shugaban makarantarmu ya kira ni ofis, ya ce daga wannan zangon ni zan riƙa ɗaukar darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda kowa ya sani da CCA, tun daga aji ɗaya har aji uku. Ya ce babu malamin darasin, kuma ya lura rubutuna a allo yana da kyau. Na karɓa, don ba a musu da na gaba a kan irin wannan, na nemi littafin darasin na fara haddacewa da daddare ina juye wa yara da safe.

Akwai ranar da ba na mantawa. Ina koyar da launuka. Na rubuta a allo, da farin alli, cewa idan aka haɗa shuɗi da ruwan ɗorawa za a sami kore. Yara sun fi tamanin a ajin, suka maimaita da Turanci har sau uku, suka kwafe a littattafansu. Babu wanda ya ga shuɗi, babu wanda ya ga kore. Washegari wani yaro da ke zama can baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya tare ni a bakin aji ya miƙo mini ƙyallaye bakwai ɗaure da zare. Ashe mahaifinsa marini ne. Ƙyallen farko sau ɗaya aka tsoma shi a baba, na ƙarshe kuwa ya sha tsomi har ya kusa zama baƙi, sauran suna tsakani, kowanne ya ɗara na gabansa duhu. Ya ce mini, a hankali, Malam ai in aka ciro zane daga marina kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi a gaban idonka. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya san abin da ni mai digiri ban sani ba game da darasin da nake koya masa. A ƙarshen zangon ya faɗi jarrabawar CCA, saboda tambayoyin duk na cike gurbi ne da Turanci, kuma ni na tsara su. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin abin da aka tara a cikin wannan darasi tun da aka shigo da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara. An haɗa zane da fenti da gini da yumɓu da rini da saƙa, aka ƙara kiɗa da waƙa, aka ƙara wasan kwaikwayo da rawa, aka ce mutum ɗaya ya koyar cikin darasi na minti arba'in. Fannonin da jami'a ta raba wa sassa uku ko huɗu, kowanne da farfesoshinsa, su ne ƙaramar sakandare ta ɗora wa malami guda. To wane ne yake horar da wannan malamin? A shekarun da na yi ina wannan aiki na ga iri biyu suna zuwa mana. Akwai ɗaliban tsangayar ilimi da ke zuwa gwajin koyarwa. Sun iya tsara darasi a takarda, sun san ra'ayoyin masana kan yadda yaro ke koyo, amma in ka ba su curin yumɓu ka ce su gina kasko a gaban yara sai ka ga hannu yana rawa. Akwai kuma masu yi wa ƙasa hidima da suka karanci zane zalla. Wani daga cikinsu ya zana mana fuskar maigadin makaranta har mutane suka riƙa zuwa kallo, amma bai san yadda zai raba aiki ga yara tamanin da ba su da fensir ba, bai san me ya dace da ɗan aji ɗaya ba, kuma shekara na cika ya tafi. Na farko yana da hanyar koyarwa ba shi da sana'ar, na biyu yana da sana'ar ba shi da hanyar. Mutumin da muke nema shi ne wanda aka dama masa biyun a ƙwarya ɗaya tun daga shekararsa ta farko a jami'a.

Na san za ku ce ai akwai digirin koyar da fasaha, ɗalibi yana ɗaukar kwasa-kwasai a tsangayar ilimi yana kuma ɗauka a sashen zane. Haka ne. Amma na zauna da waɗannan ɗalibai a ɗakin malamai, na ji abin da suke faɗa. Suna gudu ne tsakanin gidaje biyu, kowane gida yana ɗaukar su baƙi. A sashen zane ana ganin su a matsayin waɗanda ba su zo da gaske ba, a tsangayar ilimi kuma aikin sutudiyo, wato ɗakin aikin hannu, da ke cin yini guda ba a ba shi nauyin da ya kai na laccar awa biyu. In lokutan darasi suka ci karo, sutudiyon ake bari, don shi ba a kiran suna. Ranar da mai duba gwajin koyarwa ya zo, littafin tsara darasi yake buɗewa, ya duba ko an rubuta manufa da matakai, ya sa maki ya wuce makaranta ta gaba. Ban taɓa ganin wanda ya ce a kawo masa abin da yaran suka yi da hannunsu ba. Ba laifinsa ba ne, shi ma ba fanninsa ba ne, kuma makarantu da yawa ke jiransa a ranar. Amma wurin da ya kamata ilimin biyu su haɗu, nan ne babu mai tsaro.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne, wannan haɗin an taɓa yin sa da kyau a ƙasarmu. A 1955 aka ɗauko sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka dawo da shi Zariya, shi ne ya zama sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. A nan ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turawa ba, za su koma su ɗebo daga fasahar gidajensu su haɗa da abin da suka koya a aji. Ku dubi Onobrakpeya. Ya gama karatun zane a Zariya, ya ƙara shekara ya karɓi takardar shaidar koyar da fasaha a 1962, sannan ya shafe shekaru masu yawa yana malamin sakandare a kwalejin St. Gregory da ke Legas, yana koyarwa yana kuma aikinsa har duniya ta san shi. Zama gwani bai hana shi shiga aji ba, shiga aji kuma bai kashe masa hannu ba. Tun kafin wannan ma, makarantar da Baturen nan Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da ɓangaren sana'o'in hannu. Ba baƙon abu nake roƙo ba, hanya ce da aka taɓa bi ciyawa ta rufe ta.

Mun kuma ga abin da ke faruwa in aka kawo tsari ba a tanadi malami ba. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, manufar ƙaramar sakandare ita ce yaro ya taɓa sana'a da hannunsa kafin ya zaɓi hanya. An sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu, da yawa suka yi tsatsa cikin akwatunansu don babu wanda ya iya kunna su. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, yara suka cika azuzuwa. Kowane karo gini da kaya ake fara tunawa, malamin da zai raya su sai daga baya.

Yanzu kuwa ƙofa a buɗe take, kuma mabuɗin yana hannunku. A sabon tsarin manhajar jami'o'i na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a watan Disamba na 2022, kashi 70 cikin ɗari ne aka tsayar wa kowa, aka bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da mutanen da take zaune a cikinsu. Ga kuma kwalejojin ilimi na tarayya na Kano da Zariya sun zama jami'o'in ilimi, dokar 2023 kuma ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu bayan takardar shaidar malanta ta NCE. Ke nan ana cikin rubuta sabbin kwasa-kwasai a wurare da yawa a daidai wannan lokaci. In aka rubuta su aka rufe ba tare da an tuna da malamin CCA ba, sai wata shekara goma kuma.

Roƙona na farko shi ne kada ɗalibin da zai koyar da fasaha ya wuce zango ko ɗaya, daga shigarsa har fitarsa, bai yi aikin hannu ba, kuma a ba aikin nauyi a sakamakonsa daidai da wahalarsa. A bar shi ya zurfafa a fanni ɗaya, ko rini da saƙa, ko yumɓu, ko zane, ko kiɗa, ko wasan kwaikwayo, har ya kai matsayin da zai kira kansa mai sana'a ba tare da kunya ba, sannan a ba shi abin da zai iya riƙe aji da shi a sauran. Wanda ya taɓa shan wahalar ƙwarewa a abu ɗaya ya san yadda ake koyon na biyu, ya kuma san abin da yaro ke ji in tukunyarsa ta fashe a wuta. Kwas ɗin dabarun koyarwa kuma a daina yin sa a zauren lacca kaɗai. Malamin ilimi da malamin zane su riƙe shi tare, a cikin ajin ƙaramar sakandare na gaske, mai yara tamanin da tagogi marasa murfi, inda kuɗin kayan aiki bai wuce abin da malami zai ciro daga aljihunsa ba. Ɗalibin da aka horar da fentin kanti da takarda mai tsada, ranar da ya zo makaranta irin tamu zai naɗe hannu ya koma rubutu a allo kamar yadda na yi. A koya masa yadda ake samun ja daga karan dafi, da baƙi daga kuloko, da tawada daga gawayi da ƙaro, da inda ake haƙo yumɓu mai kyau da yadda ake gane shi, da abin da za a iya yi da kara da kaba da tsohon kwali. Waɗannan duk suna bayan katangar makarantarmu.

A nan ne nake so in daɗe, domin shi ne zuciyar maganar. Wa zai koya wa ɗalibanku waɗannan abubuwa? Masu su suna nan da ransu. Marinan Ƙofar Mata a Kano, da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, har yau ana tsoma zane. Akwai majema da ke jima da bagaruwa, akwai dukawa, akwai masu ɗinkin aska takwas a Zariya, akwai maƙeran tagulla da masu narka gilashi a Bida, akwai magina da suka gaji ɗaurin guga da bakan gizo da shafen makuba, irin ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi wa masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Akwai alarammomin da ke zayyanar allo da Alƙur'ani, waɗanda lissafin da ke cikin zanensu zai ɗaure wa ɗalibin jami'a kai. Ɗalibanku suna zuwa wurinsu, na sani, amma da takardar tambayoyi suke zuwa, su yi hira ta awa ɗaya, su ɗauki hoto, su rubuta kundi, a ajiye a kanta. Ina roƙon a juya abin. A tura ɗalibi ya yi zango guda cur a gaban gwani, ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya dama toka, ya ɓata aiki a yi masa faɗa, kamar kowane ɗan koyo. A sa sunan gwanin a takardar jami'a a matsayin mai koyarwa, a biya shi haƙƙinsa, a karɓi makin da ya bayar.

Za a ce doka ba ta san malamin jami'a marar takarda ba. Amma jami'a ta taɓa ganin darajar irin waɗannan mutane. Ladi Kwali ba ta yi boko ba. A wurin 'yar'uwar mahaifanta ta koyi ginin tukwane, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen nan Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta zaga Turai da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20 da ke aljihun kowa. Ita wannan jami'ar ce ta ba Alhaji Mamman Shata irin wannan digiri a 1988. In har ilimin da ke hannun mutum ya isa a sa masa rigar dakta, ya isa a ba shi ɗalibai goma ya koyar. Kuma lokaci ba ya jira. Yawancin gwanayen nan sun manyanta, 'ya'yansu da yawa sun kama acaba ko sayar da waya, karofi kuma sai cikewa yake da shara.

Akwai maganar da ba a cika son taɓawa a taron jami'a ba, mu kuwa kullum muna cin karo da ita. Iyaye da yawa a yankinmu suna da damuwa ta addini game da zanen abu mai rai da sassaƙa surarsa, da kuma kiɗa da rawa. Wani uba ya taɓa zuwa har makaranta ya ce mini kada in ƙara sa 'yarsa ta zana mutum. Ban ga laifinsa ba, tarbiyyar 'yarsa yake karewa, kuma magana ce da malaman addini suka yi bayani a kanta mai yawa. Abin da ya dame ni shi ne ba ni da abin da zan ba yarinyar a madadin haka, don littafin da nake bi bai san da wannan ba. Malamin da ba a shirya shi ba, ɗayan biyu yake yi: ko ya yi gaba da iyaye a cire yara daga darasinsa, ko ya tsorata ya bar aikin hannu gaba ɗaya. Alhali fili ne mai faɗi a gabansa. Dagi da zanen bango da zayyana da rubutun ajami mai kyau da tsarin hula da saƙar faifai da zanen lalle sun isa su koyar da layi da launi da daidaito da maimaici har yaro ya gama aji uku. Rubutacciyar waƙa da karinta da amsa-amonta, da waƙoƙin gaɗa, da wasannin tashe da yara ke yi cikin azumi, duk kayan aiki ne a hannun wanda ya san su. Ku sa wannan a manhaja a fili. Ku gayyato malaman sashen nazarin addinin Musulunci da na Kirista su zauna da ɗaliban fasaha, su san abin da aka yi saɓani a kai da abin da babu saɓani, don malami ya iya zama da uba a zaure ya yi masa bayani cikin ladabi da sani.

Haka batun harshe. Yaran aji ɗaya da Hausa suke tunani. Ku haɗa kai da sassan harsunan Nijeriya a tattara kalmomin marina da majema da maƙera da magina a ba ɗalibai, kada malami ya tsaya yana lalube a gaban yaron da ya fi shi sanin sunan abin.

Sai hanyar shiga. A ƙaramar hukumarmu ban san babbar sakandaren gwamnati da ke kai ɗalibai jarrabawar zane a WAEC ko NECO ba, saboda babu malamai. Babu malamai kuma saboda ba a samun masu neman fannin a jami'a. Haka abin ke zagayawa. Ku ne za ku iya yanke shi, ta hanyar duba aikin hannun mai nema tare da takardunsa. Yarinyar da ta shekara biyar tana ɗinkin hula tana ciyar da kanta, ta kuma ci Turanci da lissafi, ta cancanci a duba hulunanta. Makarantun 'yan mata na matuƙar buƙatar malamai mata a wannan darasi, kuma sana'o'in da suka fi rai a cikin gidajenmu a hannun mata suke.

Na ƙarshe, kada ku manta da mu da muka riga muka tsinci kanmu a ciki. Muna da rajistar hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, muna da takardun koyarwa, amma a fannin da ba shi muke koyarwa ba. Ba za mu iya barin aiki da iyali mu koma aji shekara huɗu ba. Ku buɗe mana shiri na lokacin dogon hutu, na aikin hannu zalla, ko da mako shida ne a shekara har shekara uku, da takardar shaida da ma'aikatar ilimi za ta amince da ita wajen ƙarin girma. Ku nemi hukumar tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ta gina rumfar aiki da murhun gasa tukwane da rijiyoyin rini biyu ko uku, waɗanda kuɗinsu bai kai na zauren lacca ɗaya ba. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi suna kashe kuɗi a kan bitar kwana uku a otal, inda muke zama muna kallon majigi. Ku nuna musu inda kuɗin zai fi amfani.

Ni dai bayan abin da ya faru da yaron nan na je wurin mahaifinsa na roƙe shi ya koya mini, na yi Asabar da Lahadi na wata huɗu a bakin marinarsa. Da abin da na samu a wurinsa nake koyarwa har yau, kuma ƙyallayen nan bakwai su nake fara ɗaga wa kowane sabon aji ɗaya. Amma rini kaɗai na iya. Yumɓu da kiɗa da wasan kwaikwayo har gobe daga littafi nake karanto su, yara kuma suna ganewa. Duk tsangayar da ta fara buɗe shirin hutun nan a cikinku, zan zo da kuɗin rajistata, kuma na san malamai huɗu a makarantun da ke kusa da mu da za mu taho tare.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya saka muku da alheri kan tarbiyyar da kuka yi mana.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
malamin CCA a wata ƙaramar sakandaren gwamnati.